BlackBerry Curve 8520: Tsohuwar Zuma

BlackBerry Curve 8520 waya ce da kamfanin Research In Motion na Kanada ya fitar a 2009. Nauyinta giram 106 ne, girman fuskarta inci 2.46, wato kallon bidiyo a cikinta sai da ƙanƙance ido. A ƙasan fuskar akwai jerin maɓallai ƙanana kamar ƙwayar masara. Mai kaurin yatsa in ya nufi harafi ɗaya, maƙwabcinsa ma sai ya amsa.

Kyamararta megafiksel 2 ce, ba ta da fitila, don haka hoton dare yakan fito kamar an ɗauki aljani a bayan gari. Ma'adanarta megabait 256, wadda hotunan biki ɗaya na yau za su cika ta har su yi ambaliya. Ba ta san 3G ba, da EDGE da Wi-Fi take lallaɓawa.

A zamaninta, darajarta tana ga manhajar hira ta BBM da lambar PIN mai alamomi 8, wadda a Najeriya samari suka riƙa roƙo kamar gadon uba. A watan Janairun 2022 kamfanin ya yanke hidimar tsofaffin wayoyinsa. Yanzu babban aikinta shi ne danne takarda kada iska ta kwashe.