'Yan Riƙon Mage a Layinmu

Mu a layinmu, nan cikin birnin Zariya, da wuya ka sami gidan da ba shi da mage. Ba ma saye, ba ma sayarwa. Kyauta ake ba da ita, ko kuma ita da kanta ta ji ƙamshin kifi ta hauro katanga ta zaɓi gida. Ita ta tsare mana buhun masara daga ɓera, mu kuma mu ajiye mata kan kifi da sauran tuwo. Haka ake zaune lafiya lau, har ranar da aka wayi gari da 'ya'yan mage marasa uwa. Ran nan kowa a layin yakan zama likita, tun daga mai shayi har zuwa amaryar da ta tare jiya.

Yawanci ta hanya biyu suke zuwa mana. Ko dai uwar ta kama ɓeran da ya ci shinkafar ɓera a wani gida, gubar ta bi ta kashe ta, ko kuma wani ya gaji da kukansu ya zuba su a kwali ya kai bola, yara suka tsinto. Sai ka ji almajiri ya yi sallama da kwali a hannu, abin da ke ciki ido a rufe, cibiya ko faɗuwa ba ta yi ba. Gidan da ake nufa da su kuwa shi ne gidan da aka san akwai mage, don a ganinmu mai mage ita ta san kan mage.

Goggon gidan kusurwa, wadda ta fi kowa daɗewa a wannan harka, ba ta yarda a kwaso su da gaggawa in a cikin gida aka gan su. Takan ce, "Ku dakata, 'yan nan, wataƙila farauta ta tafi, ko tana sauya musu maɓoya ɗaya bayan ɗaya." Sai ta sa a yayyafa toka a kewaye da wurin, a janye jiki. In an dawo bayan 'yan awoyi an ga sawun mage a kan tokar, uwa na nan, kowa ya kama gabansa. In toka na nan sumul, 'ya'yan kuma sun yi sanyi sun fara galabaita, to riƙo ya hau kanmu.

Abin da hannunmu yake fara kaiwa gare shi shi ne madara, alhali ɗumi ne na farko. Ɗan mage ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai sati 3 zuwa 4, kuma in jikinsa ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da komai, abin da aka ɗura masa sai ya zame masa cuta. A sanyin hunturun Zariya dare ɗaya ya isa ya tafi da su duka. Muna cika gorar roba da ruwan zafi, mu naɗe ta da tsohon zane, mu sa a gefe ɗaya na kwalin, mu bar ɗaya gefen fili don wanda zafi ya ishe shi ya ja jiki. Kaskon garwashi kam mun daina kai shi kusa da su, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki ko mutum bai bari ba.

Kan madara ne ake kai ruwa rana. Mai shayi ya rantse madarar gwangwani ta wadatar. Wata ta ce a tari 'yar Fulani a sayi nono. Sai da wata 'yar layinmu da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, ta zauna a tabarmar Goggo ta warware mana. Ta ce, "Goggo, ranki ya daɗe, nonon saniya sukarinsa ya yi wa cikinsu yawa, ƙarfinsa kuma bai kai na uwarsu ba. Zawo yake sa su, zawon kuma shi ke ƙarar da ruwan jikinsu." Akwai madarar gari da ake yi musamman don 'ya'yan mage, ana samunta a shagunan kayan dabbobi na manyan birane, sai dai da tsada. Kafin ta samu, nonon akuya da aka tafasa ya huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki, yana riƙe rai na 'yan kwanaki. Goggo ta ce, "To, Likita, mun ji," ko da yake yarinyar ba ta kai ga karɓar takardar ba tukuna.

Ya kamata ka ga yadda ake ba su. Sirinji ne na kemis, an cire allurar. A ɗiga madarar a bayan hannu a ji ɗuminta. A kwantar da ɗan magen rub da ciki a kan cinya, a tallafe kansa da yatsa biyu, a sa bakin sirinjin ta gefen bakinsa, a riƙa turawa a hankali yana haɗiya, kunnuwansa suna ɗan motsi. Ba a rigingine shi a ba shi, don madarar takan bi ta huhu, ya shaƙe. A satin farko mililita 2 zuwa 6 ne cikinsa, amma duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana. Shi ya sa a gidajenmu masu tashi nafilar dare ne suke ɗaukar zagayen tsakar dare, 'yan mata su karɓa da asuba. Bayan an ci kuma sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa masa ƙasan wutsiya har ya yi fitsari da kashi, domin uwar da harshe take yi musu wannan, su kaɗai ba sa iyawa. Mai sikelin auna fulawar kek tana ara mana shi. Ɗan mage da giram 100 ko kusa da haka ake haihuwarsa, mai lafiya kuma yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Ranar da sikeli ya tsaya, akwai magana.

Duk wannan mun yarda da shi ba musu. Inda muke taurin kai shi ne batun ƙofa. Al'adarmu ita ce a dire kwali a tsakar gida a ce, "Ai duk jinsi ɗaya ne, za su saba." Ni dai ina tare da masu cewa a rufe ƙofa, a ba su ɗaki nasu na sati 2 cur, ko da ɗakin ajiyar kaya ne, kada magen gida ta shiga, kada su fito.

Dalili na farko cuta ce, kuma ta kowane ɓangare take tafiya. Magunanmu yawo suke yi gida gida, su kwana a kan katanga, akasarinsu ba su taɓa ganin allurar rigakafi ba. Maraya kuwa mai yiwuwa ko dakashin uwarsa bai sha ba, wanda shi ne garkuwarsa ta farko. 'Yar murar da babbar mage za ta yi atishawa ta wuce, shi sai ta liƙe masa ido da kwantsa, ta toshe hanci, ya kasa tsotso. Su ma 'yan bola ba a san abin da suka kwaso ba. Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira fanlukofeniya, amai da zawo, tana iya kashe ɗan mage cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayarta kuma takan yi shekara a daɓen ɗaki ba ta mutu ba. Takan ɓoye a jiki har kusan kwana 14 kafin ta bayyana, daga nan aka samo lissafin sati biyun. Ga makero, wanda ba ya tsayawa kan mage, yana tsallakawa kan yaranmu. Saboda haka kwanonsu daban, tsummansu daban, a wanke hannu da sabulu in za a shiga, a wanke in an fito. Daɓe kuma da ruwan bilic ake goge shi, a bari ya bushe. Izal da Dettol da muka fi yarda da su jikin mage ba ya ɗaukarsu.

Ƙuma ma haka. Jinin ɗan mage ɗan kaɗan ne, in ta yi masa yawa sai ka buɗe bakinsa ka ga dasashi ya yi fari. Da matsefi mai ƙananan haƙora ake tsefe ta, a yi masa wanka da ruwan ɗumi, a tsane shi nan take. Fiya-fiya ko maganin kaskar kare kada su kusance shi. Farasitamol kuwa, da muke jefa wa kowa in jiki ya yi zafi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage.

Dalili na biyu shi ne haƙƙin magen gida, kuma shi muka fi mantawa. Goggo takan ce kawo mata baƙi ba sanarwa daidai yake da a yi wa mace kishiya ta wayi gari ta gan ta a madafi. Mage da hanci take sanin gidanta. Ko da kyanwar Lami ce, in ta ji baƙon wari a inda take kwana sai ta gantsare baya, gashi ya miƙe, ta yi huci. Wata ta daina cin abinci, wata ta fara fitsari a kan katifa, wata ta haura katanga ta koma maƙwabta ba ta dawo ba. Mu kuma mu ce baƙin hali ne da ita, har a ɗauko tsintsiya. Tsoro ne kawai, dukan kuma ƙara mata ƙin marayun yake yi. Muzuru ya fi haɗari, musamman baƙon da ke durowa da dare, don yakan kashe 'ya'yan da ba nasa ba.

Gabatar da su ga magen gida a hankali muke yi yanzu. In sati biyun sun cika lafiya, a ɗauko tsumman da yaran suka kwana a kai a ajiye kusa da kwanonta, nata tsumman a kai musu. Sai a riƙa zuba mata abincin da ta fi so a bakin ƙofar ɗakinsu, tana ci tana jin warinsu ta ƙasan ƙyaure. Bayan 'yan kwanaki a ɗan buɗe ƙyauren su ga juna, mutum na zaune a wurin. In ta yi huci ta juya, ba laifi, a ƙyale ta. A bar mata wurin hawa, kan randa ko kan buhu, inda ƙananan ba za su kai ba, kuma kowa da bahon rairayinsa na ba-haya. Ba a barin su su kaɗai sai yaran sun yi ƙwari, sun fara cin dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, wanda yakan fara daga sati 4 zuwa 5. Kifin ma ba na cikin miya ba, don albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini.

Wani lokaci Allah yakan kawo sauƙi, a sami mage mai shayarwa a layi. Da yawansu suna karɓar ɗan wata, su lashe shi su jawo shi cikin nasu. Nan ne hujjata ta rufe ƙofa takan yi rauni, domin jariri ɗan kwana biyu ya fi rayuwa a nonon mage fiye da a sirinji. Sai mai magen ta auna, tunda 'ya'yan tata magen ne za a sa a haɗari. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi, kuma ba ma ganin laifin wadda ta ƙi.

Liman yakan tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu. Wata rana mai shayi ya ce, "Allah gafarta Malam, to masu kulle 'ya'yan mage a ɗaki fa?" Malam ya yi murmushi ya ce waccan yunwa ta kulle ta da ita, waɗannan kuwa ko barci ba sa yi saboda ciyar da su.

A sati 6 zuwa 8 ake fara musu rigakafi, na haukan kare kuma sai sun kai wata 3. Mu asibitin koyarwa na dabbobi da ke Samaru muke kai su, cikin kwando a Keke Napep, a haɗa da magen gidan ita ma a yi mata. Daga sati 8 ake fara rabon su ga masu so. Abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba shi ne fiɗiya. Likitar layinmu ta ce mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma wata 2 ne da 'yan kwanaki, don haka in ba a yi musu aiki ba kwalayen ba za su daina zuwa ba. Goggo ta yarda a fiɗiye muzuru, tunda ana yi wa bunsuru, amma ta ce ita ba za a tsaga cikin macen mage da yawunta ba. Mai shayi ya ce a tambayi Malam, Malam kuma ya ce a bari ya duba littafi zuwa Juma'a.