Yadda za ka faɗaɗa filin zamiyar ƙanƙara a Adar

Da farko, Alhaji, kada wani ya karya maka gwiwa wai ai ba ka da filin tukuna. A ƙasashen sanyi, mai wurin zamiya in yana son suna sai ya yi shelar ƙarin gangara da sabuwar kujerar waya mai kai mutane kan dutse. Kai ma fara da shelar, filin ya biyo baya.

Dutse dai akwai, ba a banza ake cewa Adar Dutsi ba. Gaskiya ne a Ukaimeden ta Maroko kujera tana kai mutum sama da mita 3,000, namu kuwa na Keita da Buza ko 1,000 ba su kai ba. Rubuta a allon talla cewa don tausayin masu hajijiya aka yi haka.

Ƙanƙarar ce za ta ɗan ba ka wuya. Mutanen Dubai sun ƙera tasu cikin ginin kasuwa tun 2005. Kai ka shirya da masu firji na Tawa, amma ban da watan azumi, don kafin magariba 'yan unguwa sun kwashe maka gangara a kofi. Buɗe a Janairu bayan asuba, ka rufe kafin hantsi. Hoton talla kuwa ka ɗauka ranar da hazo ya sauka. Daga nesa duk fari fari ne. Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, ka ce ana gyara.

Kujera aba ce mai sauƙi: turaku, waya, inji. In wuta ta ɗauke baƙi na reto a sama, ajiye mai shayi a ƙasa da guga da igiya, ka kira abin hutun kallon gari. 'Yan kabu-kabu za su zo ƙorafi, ba su kwangilar kwaso waɗanda suka faɗi.

A wajen ƙarin fili ne za ka haɗu da gamonka. Daga 1984, da aka fara aikin Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, mutanen yankin, galibinsu mata, sun yi shekaru suna ɗaukar dutse a ka, ana biyan su da abinci, suna jera shinge, suna haƙa ramuka a jikin tudu, suna dasa itace. Duk wannan wahala don abu ɗaya ce: kada komai ya ƙara zamewa ƙasa, ruwa ne ko ƙasar noma. Yanzu ga ka da takarda kana neman wurin da ya fi santsi. Ka durƙusa ka gaida wata tsohuwa daga cikinsu, ka ce: "Inna, a ɗan kau da duwatsun nan mana." Amma ka tsaya nesa kaɗan, ka kuma bar mota a kunne. Hannun da ya jera su ya iya jifa.

Saura masu saye. Lokacin sanyin da kake dogaro da shi, shi ne lokacin da Ba'adare ya gama girbi ya tafi bida, wato ci-rani, don haka ofishin tikiti a Abijan za ka buɗe shi. Waɗanda suka rage a gida yara ne, su kuma sun daɗe suna sulalowa daga tudun rairayi a kan fasasshiyar jarka ba tare da biyan ko dala ba. Ɗauke su aikin koyar da baƙi. Jarkar dai ka saya da kanka, don in ta ɗiban ruwan gidansu ce, uwar yaron ofishinka za ta zo.