Mazhabobin Masu Zaɓen Wurin Zama

Daga cikin mas'alolin da ba a taɓa samun ijma'i a kansu ba a ƙasar nan, kuma ba na tsammanin za a samu har a naɗe ƙasa, akwai wata tambaya da takan taso a majalisar ƙofar gida tsakanin magariba da lisha, ko a bencin mai shayi, ko cikin motar haya idan tafiya ta miƙa hira ta yi ƙaranci, watau da za a shimfiɗa wa mutum Nijeriya tun daga bakin teku har iyakar Illela da Maigatari, a ce ya ɗauki sashen da ransa ya fi so ya kafa gida, to ina zai dosa? Tambaya ce da ba ta cin ko kwabo, ba ta kuma wajabta wa kowa ɗaure kaya, shi ya sa kowa yake da fatawa a kanta. Wanda ya jima yana sauraron masu amsa ta kuwa zai lura sun kasu mazhabobi, kowace da limamanta da hujjojinta, da kuma wani ɗan abu da ba ta so a tono.

Mazhabar da ta fi yawan mabiya ita ce ta wanda ya yanke hukunci tun ba a rufe baki ba, cewa duk duniya babu kamar garinsu. Ana samun irinsa ko'ina, amma adalci ya wajabta a faɗa cewa a Kano ya fi gwanancewa. Wannan bawan Allah, wanda iyakar yawonsa ta gabas Wudil ce, ta kudu kuwa Kwanar Dangora, yakan gyara zama ya ɗauko zance daga Sarki Muhammadu Rumfa da kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ya ratsa ta marinar Ƙofar Mata, ya gangaro kan isowar jirgin ƙasa a 1911 da dalar gyaɗa da ta biyo baya, sa'an nan ya rufe da Kantin Kwari da Dawanau, yana magana da isa irin ta wanda ya ba da jarin duka. In ka ce masa Jos akwai ni'ima, sai ya ce ai kayan lambun nasu a Yankaba ake sauke su. In ka ce Ikko akwai teku, sai ya tambaye ka ko ana sha. In kuwa ka kawo ƙura da zafi da cunkoson 'yan adaidaita sahu, nan ma ba ka tsira ba, domin a wurinsa waɗannan duka alamomin arziki ne, gari marar cunkoso kuwa gari ne da ba a da bukata a cikinsa. Ba mai iya masa sai abokin wasansa Bazazzagi, wanda zai bar shi ya gama sarai, sa'an nan ya ce masa cikin ladabi, "Alhaji, gaskiya ne, kuɗi naku ne, in kun tara sai ku turo yaran Samaru mu koya musu ƙirgawa." Bakatsine ma ba ya yin shiru a irin wannan zama, yakan jawo Hasumiyar Gobarau da kwalejin da aka buɗe a garinsu a 1921, wadda ta yaye manyan Arewa, sai dai da ya ambaci kwalejin sai ka ga Bazazzagin ya yi murmushi, domin ya san tun 1949 a Zariya ta tare.

Sai mazhabar masu gudun zafi, wadda ba ta da mabiya na dindindin, domin takan yi ƙarfi ne a watan Maris da Afrilu, musamman in azumi ya faɗo cikin bazara, ta kuma dushe da saukar ruwan farko. Mabiyinta, yana kwance a kan tabarma a Sakkwato ko Yola ma'aunin zafi ya haura 40, ga wuta an ɗauke, ga ƙanƙara ta yi tsada, yakan rantse cewa da ya sami sarari Filato zai koma, inda gari yake bisa tudu wajen ƙafa 4,000, ko ma ya zarce Mambila ya gina ɗan gida a Gembu yana hangen gonakin shayi. Rannan sai Allah ya kawo ɗaurin aure a Jos cikin tsakiyar hunturu, ya tafi da farar shadda guda ɗaya ba ko rigar sanyi, ya kwana yana karkarwa, da asuba ya tsoma yatsa a buta ya janye, har ya lallaɓa wurin limamin unguwa ya ce, "Allah gafarta malam, shin tsananin sanyi yana halatta taimama?" Liman ya nuna masa tukunyar ruwan zafi a bakin masallaci. Da ya komo gida ba ya sake ambaton Filato, in kuwa wani ya ambata, sai ya ce ai wannan ƙasa ta dace ne da Turawan da suka haƙi kuza a cikinta. Haka zai kame bakinsa har wata bazarar.

Akwai kuma wanda cikinsa ne alƙiblarsa, bai san sunan gwamnan ko'ina ba amma ya san abin da ake ci a ko'ina. Bauchi a wurinsa masa ce, Binuwai doyar Zaki Biam, Yawuri ɗanyen kifi, Baga banda, Aleiro albasa, Shagamu goro. Ya ji labarin gasar kamun kifi ta Argungu, wadda aka faro tun 1934, tambayarsa guda ita ce wa yake cin wanda ya zo na ɗaya. Wannan ba ya iya zaɓe ko kaɗan, domin duk inda ya tsayar sai ya tuna da wani kwano a wata jiha, saboda haka na rasa abin da zan ba shi shawara in ban da ya nemi aikin yaron mota.

Na fi ganin girman mazhabar malamai, ko da yake su ma ba su kuɓuta daga saɓani ba. Gardi zai ce maka Gabas, domin tun zamanin kakanni Borno ake dosa neman tilawa da harda da kyawun rubutu, kuma a ganinsa wanda bai sha inuwar darbejiyar Yerwa da allo a cinya ba akwai sauran gyara a bakinsa. Mai nahawu da lugga zai ce birnin Zazzau, inda zaurukan karatu suka yi suna. Wani dattijo kuma zai ce shi Sakkwato, kusa da Hubbaren Shehu, in ka matsa masa da tambaya sai ka tarar ba wurin zama yake zaɓe ba, makwanci yake nema. Sai dai na lura cewa da yawa daga cikin masu wannan zuhudu, in an yi musu tayin limancin wani masallaci mai na'urar sanyaya ɗaki a Maitama, sukan yi istihara, kuma istiharar takan fito da sauri.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki, ya kuma fi ba ni tausayi, shi ne ɗan ci-rani da ya gangara kurmi da niyyar komowa kafin shuka. Ya sauka a Agege, ko Sabon Ibadan da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ko kasuwar Mil 12 inda tumatir da tattasai na Arewa suke sauka, ya ce wa mai masaukinsa, "Maigida, ni ba daɗewa zan yi ba," ga shi yau gemunsa ya yi fari fat bai fasa faɗin haka ba. Malaman Malikiyya sun tabbatar cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, sai ya cika salla, shi ma kuwa yana cikawa ba fashi. Amma in ka ɗebe salla, sauran rayuwarsa duka ƙasaru yake yi, ɗaki na haya, katifa a ƙasa, akwati a ɗaure a kusurwa. Duk abin da ya samu sai ya aika gida, inda ya gina ƙasaitaccen gida mai bene wanda ƙanensa da jemagu suke kwana a ciki, shi kuwa sai da babbar salla yake leƙa shi. In aka tambaye shi inda ya fi daɗin zama, zai ce Arewa mana, har da ƙwalla, ya kushe ruwan sama da ba ya ɗaukewa da cunkoson gadar Ikko da tsadar haya. Alhali kuwa in ya je garin nasu, ran kwana na uku za ka ji yana cewa ƙura ta shaƙe shi, miya ba manja, kasuwa ba motsi, yana tambayar ƙarfe nawa motar kudu take tashi. 'Ya'yansa sun fi iya Yarbanci, Hausarsu kuwa in sun yi a ƙauye sai an yi dariya, ga shi kuma ranar da suka tashi neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce su kawo takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukuma da ba su taɓa kwana a cikinta ba. A nan kam dariyar takan rage, domin abin takaici ne a ce mutum ya zaɓi gari, ya biya haraji a cikinsa, ya haihu, ya binne matattunsa, amma takarda ta ce shi baƙo ne.

Kishiyarsa shi ne mutumin Abuja. Tun da gwamnatin Murtala ta zartar da gina sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a cikinsa ran 12 ga Disamba, 1991, aka sami wani jinsi na mutane da in ka tambaye su mazauninsu sukan ce Abuja da wata irin murya ta dabam, suna kaɗa makullin mota. Bincike kaɗan zai nuna maka cewa Abuja wurin wuninsa ce, makwancinsa kuwa Mararaba ne a Jihar Nasarawa, ko Madalla a Jihar Neja, yana fita kafin alfijir ya komo bayan lisha, har yaransa sun fi sanin muryarsa a waya. Wanda yake kwana a Suleja ne kaɗai na yi wa uzuri, domin asali garin nan ne Abuja kafin ya ba da aron sunan, saboda haka shi a tarihi bai yi ƙarya ba.

Kada in manta da mai waswasi, wanda ya haddace masifun ƙasa kaf, yana jiran ka ambaci gari ya ba ka shekara. Jos, ya ce 2001. Maiduguri, ya ce 2009, ya ƙara da ɓallewar madatsar Alau a 2024. Lakwaja, ya ce ambaliyar 2012 da ta 2022. Fatakwal, baƙin hayaƙi. Birnin Gwari, hanya. Abin da ya sa ba a iya ƙaryata shi kuwa, duk abin da ya faɗa ya auku, kuma akwai dubban bayin Allah a sansanonin gudun hijira waɗanda da za a yi musu wannan tambaya ba za su ambaci Mambila ko Maitama ba, ƙauyensu kawai za su ce, da gonarsu. Sai dai shi mai waswasin, bayan ya kushe jihohi 36 ɗaya bayan ɗaya, yakan tashi ya koma gidansa da yake bakin kwalbati, inda ruwa yake shiga ɗaki kowace damina.

Da yawa daga cikin waɗannan limamai kuwa, in an bi silsilar fatawarsu, a cikin gida take tuƙewa. Ka ga mutum ya cika majalisa da bayanin filin da zai saya a Gombe da lambun da zai dasa bayan ya yi ritaya, ya shiga gida ya maimaita, uwargida ta saurara har ya dire, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba ta ce, "To Alhaji, makarantar yaran fa? Inna kuma wa za a bar wa ita?" Washegari sai ka ji yana cewa ya sake nazari, ya ga ƙasar can ba ta karɓar mangwaro.

Akwai kuma wani irin tsoho da ake samu a Gusau, wanda ba ya tsoma baki a wannan muhawara sai an ja shi. An haife shi a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa. A 1967 aka sanar da shi cewa yanzu yana Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka ce a'a, Jihar Sakkwato. A 1996 kuma ya wayi gari a Jihar Zamfara, har ma babban birnin jihar ya tako ya same shi a ƙofar gida. Jihohi huɗu ke nan ya zauna, bai taɓa ɗaukar hayar motar kaya ba, bai kuma sauya ko zauren da yake shan hantsi ba. In samari suka ce, "Baba, kai ina ka fi so?" sai ya ce shi kam ya gaji da ƙaura, amma ya ji ana ta kai wa majalisa takardun neman sababbin jihohi, saboda haka su riƙa sauraron rediyo, in an sake mayar da shi wani wuri su gaya masa.