Kawu, Buta da Jan Layin Legas

Maganar farko da Kawu ya yi mini da ya sauka Legas ita ce, shi fa ya san jirgin ƙasa tun kafin a auro uwata. Gaskiyarsa ne. Tun yana saurayi a shekarun 1970 yake bin jirgin Kano zuwa Ikko, wato Legas, ya kawo fatu ya koma da goro. Tafiyar ta fi kilomita 1,100, kuma har gobe yana jero tashoshinta kamar mai tilawa: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege, sai Iddo. A iliminsa jirgi abu ne mai haƙuri. In ya tsaya a tasha, mutum kan sauka ya kama ruwa, ya yi alwala, ya yi salla, ya taya doya a ce albarka, ya ƙara sisi, sannan a busa usur.

Abin da ya kawo shi babba ne: nema wa ƙanena aure a Zangon Agege. Iyayen yarinya sun sa mana bayan Magariba. Ni kuwa, ɗan gari mai shekara tara a Legas, na ce ba za mu bi go-silo ba, sabon jirgi za mu hau daga Yaba.

Jan Layi ake ce masa. Shugaba Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, amma sai 15 ga Oktoba ya fara ɗaukar fasinja mai biya. Tsawonsa kilomita 27 daga Oyingbo zuwa Agbado, tashoshi takwas, kuma dogo ɗaya yake bi da jirgin Legas zuwa Badun. Na ƙara wa Kawu da cewa har daga Milwaukee ta Amurka aka sayo wasu taragai saboda wannan layi, waɗanda aka ƙera wa jihar Wiskonsin ta fasa amfani da su. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, gwanjo ke nan." Ban sake yi masa lacca ba.

Da La'asar ya fito daga ɗaki, sai na ga kamar mai tafiya Hajji ta ƙasa. Tabarma a naɗe a hammata, buta cike da ruwa, fulas ɗin shayi, ƙullin dambun nama, gurasa, ga ƙaramin kwandon goron da za a kai wa surukai. Kai goro Agege, garin da Hausawa suka kafa zango saboda goro, wannan ma abin dariya ne, amma ban tanka ba. Guzurin na yi magana a kai.

"Kawu, tasha huɗu ce fa. Ko rabin awa ba za mu yi ba."

"Kai yaro, jirgi ne ko ba jirgi ba?"

"Jirgi ne."

"To ɗauki fulas."

A tashar Yaba na miƙa masa katin Cowry, wanda da shi ake biyan kuɗin jirgi da na manyan bas na gwamnati. Ya tambayi ma'anar sunan, na ce wuri. Ya juya katin gaba da baya, ya ce wato bayan fam da sule da naira, an sake dawo da mu zamanin wuri. A bakin shinge na nuna masa yadda ake ɗora kati a kan na'ura ƙofa ta buɗe. Ya ɗora, ta buɗe, sai ya tsaya gyara tabarma da yi wa ma'aikaciyar wurin sannu da aiki. Layin da ke bayanmu ya fara tsaki da Yarbanci. Da a ce ina da wayo, da nan na gane inda ranar ta dosa.

Cikin taragon akwai sanyin na'ura, ga kujeru masu laushi. Kawu ya zauna, ya cire takalma ya tura ƙarƙashin kujera, ya harɗe ƙafa. Ya kai hannu ga ƙullin dambu, wata mata ta girgiza masa kai, ya mayar yana gunaguni cewa jirgin da ba a cin abinci a cikinsa ai asibiti ne.

Mushin ta wuce kafin ya gama gunagunin. A Oshodi ya manna fuska a gilashi yana neman kasuwar da ya sani, wadda 'yan tireda ke baje kaya a kan dogo, in jirgi ya taho a kwashe, ya wuce a mayar. Abin da ya gani shi ne manyan gine-ginen tashar bas da gadojin ƙafa. Ya yi shiru, ni ma na ƙyale shi. Sai a Ikeja, inda samarin kasuwar kwamfuta suka cika taragon da jakunkunan goyo, Allah ya haɗa shi da abokin hira: wani dattijo Bayarabe da ya yi shekara 20 yana sayar da kayan mota a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Nan take suka shiga Fagge, suka fita ta Kantin Kwari, suka koma kan wanda ya mutu da wanda ke raye.

Aka sanar da Agege. Na miƙe da fulas da kwando na ce, "Kawu, mun iso."

Ya ce, "Madalla." Ya juya ga abokinsa ya fara sallama. Ba irin sallamar Legas ba, ta gida: a gai da iyali, a gai da yara, Allah ya sada mu da alheri, in ka shigo Kano ka nemi gidana, bayan masallaci ne, kowa ya sani. Sannan ya sunkuya neman takalmi. Na dama ya samu. Na hagu ya bi birkin jirgi ya yi gaba da kujera uku. Ina bakin ƙofa ina kiran Kawu, Kawu, yana ce mini gaggawa aikin Shaiɗan ce, ai sai sun sha ruwa kafin su tashi. Ƙofa ta rufe a kan hancina. Ta taga na ga gadar sama ta Pen Cinema tana ja da baya, da masu tallan burodin Agege, da gidan surukanmu can wani wuri a cikin rufin kwano.

Na ce ba komai, sai mu sauka Iju. A nan kuma ni na yi abin kunya. Jirgi na tsayawa na yi tsalle na dira, na waiga, babu Kawu. Ya taho har bakin ƙofa da takalmi biyu cif, sai ya tuna buta. Na sake faɗawa ciki da kwandon goro a ka, ana dariya har da masu tafi. Dattijon nan ya dafa ni ya ce, "Yi haƙuri ɗana, Agbado ba ta da nisa. Daga nan kuma babu gaba."

Agbado dai Jihar Ogun ce. A wancan lokacin, safe da yamma kawai jirgin ke zirga-zirga, kuma wani mai sayar da ruwa ya tabbatar mana na komawa sai gobe. Ga Magariba ta kawo jiki. Kawu bai ce uffan ba. Ya nemi gefe, ya shimfiɗa tabarma, ya yi alwala da ruwan butarsa, ya miƙo mini ragowar yana kallona ido cikin ido. Na karɓa.

Komawar ce ta nuna mini abin da jirgin ke yi wa mutanen wannan yanki. Muka hau keken Marwa, mai sunan Buba Marwa da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, har bakin babban titin Abekuta. Daga nan danfo, mutum huɗu a benci, kwandasta na rataye a ƙofa yana neman kuɗin kwando daban. Abin da jirgi ya cinye cikin 'yan mintoci, mu sai da muka ba shi awa biyu. A cikin go-silon Abule Egba Kawu ya kwance dambu da gurasa, ya zuba shayi a murfin fulas, ya ba ni, ya ba direba, har kwandasta ya samu ya yafe kuɗin kwandon.

Goma saura muka yi sallama a Zango. Dattawan gidan sun gaji da jira, biyu sun tafi. Mai gida ya tambaya ko lafiya. Kawu ya gyara zama, ya tura kwandon goro gaba, ya nuna ni da haɓa.

"Lafiya lau, Alhaji. Yaron nan ne ya ce ya san jirgi."

An ba mu yarinyar. Katin wurin kuwa Kawu ya hana ni, yana cikin aljihun 'yar-cikinsa a Kano tare da ragowar kuɗina a kai.