Masu Neman Maganin Sarƙewar Gem a Haɗeja

Ɗan wasa ya kwaso ƙwallo, ya yanke mai tsaron baya, saura shi da gola, sai hoto ya daskare. Kafin ya saki an ƙwace. Duk mai buga ƙwallon kwamfuta a Haɗeja ya san wannan takaici. Wajen magani ake rabuwa, kuma wanda ya yini a bencin mai gyara zai lura cewa kowa halinsa yake bi wajen zaɓen abin da zai canza, ba ciwon na'urar ba.

Mafi rinjaye su ne 'yan jam'iyyar RAM. Hoto ya daskare, RAM. Fanka na kuka, RAM. Ko batir ne ya mutu, "Oga, a ƙara mata RAM." Suna da gaskiyarsu: daga giga 4 zuwa 8 akwai bambanci, sababbin wasanni ma 16 suke so, kuma sanda biyu sun fi ɗaya amfani ga laftof ɗin da sashen hotonta a RAM yake aron wuri. Sai dai ɗan jam'iyya bai san ya isa ba. Zai cusa giga 32 a tsohuwar HP EliteBook da aka ƙera don aikin ofis, ya kunna FC 24, 'yan wasa su ci gaba da ɗingishi, ya ce jabu aka sayar masa.

Kusa da shi akwai mai i7. Shi takardar da ke manne a gefen madannai ya saya, har goge ta yake da bakin riga. "Core i7 ce fa, mutumina!" Ka tambaye shi ta wane zubi, ya dube ka kamar ka zage shi. Zubi na uku ce, ta 2012, wadda ƙaramar i3 ta yanzu ke wucewa ba ko sallama.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan noman rani, domin shi kaɗai ya gano ciwon daidai: a harkar gem, katin girafik ne ke ɗaukar mafi nauyin kaya. Ya girbe shinkafarsa a fadamar Auyo, ya sayar, ya hau motar asuba zuwa Kano, ya shiga titin Beirut, ya dawo da kati mai fanka uku a naɗe cikin bargo. Aka taru, aka buɗe kwamfutar, siririyar Dell ta ofis. Kati ya ƙi shiga, ya fi akwatin tsawo. Da aka bar murfi a buɗe, sai aka ga mai raba wutar cikinta wat 240 yake bayarwa, katin shi kaɗai yana neman kusan 200, ga shi babu wayar da za a jona masa. Sati na gaba ya koma Kano. Aka canza mai raba wuta, sai akwati, sai aka ce furosesa ba ya iya ciyar da katin, sabon furosesa kuma ba ya zama a tsohon allo, wato madabod. Kafin damina ta faɗi, wayar soket kaɗai ta rage daga tsohuwar kwamfutar. Yanzu komai ya zauna, saura wuta: infatar solar gidan tana fara ihu da zarar an take wasa, fetur ɗin janareta kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 ba abin ƙonawa a kan ƙwallon bogi ba ne. Da ya ɗauki gajeren GTX 1650, mai shan wat 75 kai tsaye daga allo, da buhunansa da yawa suna nan a ɗaka.

Ƙaninsa kuma laftof ya kawo a saka masa irin wannan katin. An gaya masa na laftof a liƙe yake da dalma, ba ya cirowa. Ya ce baƙin ciki ne.

Mai SSD bai yi asara ba, kwamfutarsa na tashi kafin ya gyara zama, GTA V na buɗewa nan take. Cikin wasan dai sarƙewar na nan, da wuri kawai yake isa gare ta. Mai zargin netwok kuwa ba ya canza komai. An zura masa biyar ba ko ɗaya, ya ce sabis ne, alhali shi da wanda ya ci shi a benci ɗaya suke, intanet ɗin ma a kashe.

Babu ɗayansu da ya taɓa buɗe Task Manager ana cikin wasa ya ga wane sashe ne ya cika ɗari bisa ɗari, abin da ba ya cin ko kwabo.

Sai mara kuɗi, wanda ke zuwa a watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40. Tasa minti goma na farko lafiya lau, daga nan sai nauyi. Mai gyara ya kwance ta, ya zaro wata dunƙulalliyar ƙurar hunturu, haɗe da gashi da ɓawon gyaɗa, daga bakin fanka. Furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Aka goge da tsohon buroshin haƙori, aka shafa sabon man sanyaya, wasa ya miƙe sumul. Mutumin ya biya kuɗin da bai kai na soyayyen kifi ba, ransa a ɓace, don ba abin nunawa. Da dare a majalisa ya ce daga Legas aka aiko masa da kaya.