Yadda Na Zama Manajan Masauki a Minna

Duk wanda ya ce maka ba a rasa wurin kwana a Minna, bai taɓa shiga garin ranar Juma'ar da wani babba ke aurar da 'ya ba. Gari ne mai tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, saboda haka 'yan siyasa ba sa rabo da zuwa gaisuwa gidajensu da ke kan tudu. Ga hedikwatar NECO tun 1999, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, ga mutanen Abuja da ke gangarowa in sun gaji da tsadar can. Idan waɗannan suka haɗu da biki a mako guda, to baƙo irina sai dai ya riƙe jakarsa ya yi ta salati.

Ɗan ƙanena na rako rajista a jami'ar, can Gidan Kwano. Shi kam nan da nan ya samu 'yan garinmu a Bosso, cunkushe a ɗaki guda, ya ce, "Baffa, ka zo mu matsa maka." Na dubi takalman da ke ƙofar ɗakin, na tuna ni malamin makarantar sakandare ne mai furfura, na ce a'a. Niyyata in kwana a masauki, gobe in biya ta Gurara in ga ruwan da nake koya wa yara a aji.

A shataletalen Mobil na tari mai Keke Napep. Muka zaga Tunga kaf. Inda akwai ɗaki kuɗin ya kai rabin albashina, inda kuɗin ya yi daidai da ni kuma babu ɗaki. Da yaron ya ga mai yana ƙarewa, sai ya waiwayo.

"Alhaji, tsakani da Allah, nawa ne ƙarfinka?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun likita bayan ya duba hoton ƙirji, sannan ya juya kan keken muka nufi wani lungu can bayan Kpakungu.

Abin da ya kwantar min da hankali a wurin shi ne bango. Ban taɓa ganin bango mai ilimi irinsa ba. Takardar rajistar kasuwanci, lasisin jiha, na ƙaramar hukuma, shaidar duba-gari, ta 'yan kwana-kwana, rasidin allon talla, rasidin shara, kowace a cikin gilashi da hatimi. Na ce a raina, wurin da hukumomi da yawa haka suka sa wa hannu ai ko gwamna ya kwana. Tukunyar kashe gobarar ma tana nan, ja wur, an tokare ƙofa da ita.

Yaron da ke kan tebur ya tambaye ni, "Oga, kwana ko hutawa?"

Na ce ai duk wanda ya kwana ya huta. Ya dube ni da tausayi ya rubuta kwana a tafin hannunsa. Ɗakuna iri uku ne, in ji shi: mai fanka, mai na'urar sanyi, da na musamman. Na tambayi bambancin na biyu da na uku. Ya ce na musamman na'urarsa tana da rimot. Na biya Naira 7,000 na mai fanka. Na nemi rasidi, ya ce littafin yana wurin mai gida. Na nemi in rubuta sunana a rajistar baƙi, ya ce biro ya ƙare, sai da safe.

Araha ba ta ado, na sani. Amma ban san ba ta barci ba. Katifar kamar kunyar doya take, tudu da kwari, in ka kwanta dole ka zaɓi wanda za ka ba tudun tsakanin ƙugu da haƙarƙari. Famfon banɗaki na murɗa, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Bokiti ɗaya ne na ɗakuna uku, kuma a ɗakina ya kwana. Wannan na gane ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ƙofar da na kulle da hannuna ta buɗe, wani ƙato da tawul a wuya ya yi sallama.

"Malam, a gafarce ni, bokiti."

"Da wane makulli ka buɗe?"

"Da nawa mana. Ai duk ɗaya ne."

Sai wuta. Jihar Neja ita ce mai madatsar Kainji da aka gama a 1968, ga Jebba, ga Shiroro tun 1990, ga sabuwar ta Zungeru mai megawat 700. Da lantarki ake yi wa jihar kirari. A cikin wannan jiha ce janareton masaukin ya yi aiki har sha biyun dare, ya yi gyatsa, ya mutu. Fankar da na biya dominta ta yi juyi uku na bankwana. Wanda ya san zafin Minna kafin saukar damina ya san sauran labarin. Sauro suka karɓi sama, kuɗin cizo suka karɓi ƙasa, kuma ga alama akwai yarjejeniya a tsakaninsu, domin babu wanda ya shiga yankin wani.

Tunda barci ya ƙi, sai na ɗauki waya na shiga duba yadda wasu birane ke yi da masaukin talaka. A New York, tun watan Satumba na 2023, ba ka ba da hayar gidanka ta ƙasa da kwana 30 a Airbnb sai ka yi rajista, kana cikin gidan, kuma baƙin ba su wuce biyu ba. A Landan, gida sukutum ba ya wuce dare 90 a shekara ba tare da izini ba. Barcelona ta sanar a 2024 cewa zuwa 2028 za ta soke lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido kimanin 10,000. Su rigimarsu baƙi sun yi yawa har ɗan gari ya rasa gidan haya. Ko ba komai, suna gardama ne a kan abin da ke cikin ɗaki da wanda ke kwana a ciki.

Mu ma ba yau muka fara saukar da baƙo ba. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka gama a 1911, shi ya tara wa Minna baƙi, kuma kakanninmu fatake da suka bi irin waɗannan hanyoyi zango suke sauka, wurin fatoma. Fatoma ba shi da gilashi a bango. Amma shi ke ba ka ɗaki da tuwo, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan an ci bashi. Ya cuce ka sau ɗaya, labari ya riga ka isa Kano, ayari na gaba ya sauka gidan maƙwabcinsa. Ina cikin wannan tunani wayar ta mutu.

Da asuba aka dawo da wuta. Soket ɗaya ne ke aiki a duk gidan, kuma yana bayan teburin karɓar baƙi. Na fito da farar jallabiyata da tabarau, yaron ya tashi da ladabin da ban gani ba jiya.

"Oga, zauna a kujerar, ka sa cajin. Riƙe min makullan, yanzu zan dawo."

Daga baya na fahimci kunnensa ya fi nawa sanin ƙarar wata mota. Ta baya ya fita, ta katanga.

Mutum shida suka shigo, sanye da riguna masu sheƙi, ɗaya da sarƙa da kwaɗo, ɗaya da gwangwanin jan fenti. Ba zan faɗi sunan ofishinsu ba. Shugabansu ya dube ni: dattijo a kujera mai juyawa, rajista a gabansa, tarin makullai a hannu.

"Manaja, ina kwana. Mun zo kan bashin shekara biyu."

"Yallaɓai, ni baƙo ne."

"Duk haka suke cewa. Nuna mana sunanka a rajista."

Babu. Rasidi? Babu. A nan ne malantar ta motsa min. Har da darasin Gwamnati nake koyarwa, kuma ba a tara min mutum shida a tsaye in bar su haka. Na gyara tabarau na tambaye su daga wane mataki suke, tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma. Na yi musu bayani cewa dokar 1992 ta ba hukumar yawon buɗe ido ta tarayya, NTDC, ikon yi wa otal-otal rajista da tantance darajarsu, har Legas ta yi tata dokar, aka tafi Kotun Ƙoli. A watan Yuli na 2013 kotun ta ce lasisin otal da gidan abinci hurumin jihohi ne, na tarayya ya tsaya ga shige da ficen baƙi 'yan ƙasar waje. Saboda haka, na ce, kafin a ɗaura sarƙa ya kamata a san wa ke bin wa.

Shugaban ya juya ga mutanensa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Kun ji ko? Baƙo ne zai san wannan?"

Sai ga ƙaton jiya ya fito, har yanzu da tawul. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida. Aka tambaye shi ko ya san ni.

"Ƙwarai. Wurinsa ake karɓar bokiti."

Wata mata daga ɗakin na musamman ta ji ana cewa manaja, ta fito ta dire min rimot a tebur ta ce babu batir, a mayar mata da kuɗinta. Wani ya ce an ɗauke masa silifa.

Da na ga sarautar ta tabbata, sai na ce bari in yi amfani da ita. Na ce, "Yallaɓai, tunda kun zo, ku shigo ku ga ɗakunan. Makulli ɗaya ke buɗe duka. Babu ruwa. Ku ɗaga katifa ku ga jama'ar da ke ƙarƙashi." Na nuna masa damtsena, duk ya yi rudu-rudu.

Ya duba da kyau, har da cewa sannu. "Wannan ba sashenmu ba ne. Na duba-gari ne." Ya ɗaga kai ya karanta bango. "Kuma tasu takardar ba ta ƙare ba, sai Disamba."

"To tukunyar gobara fa?"

"Ga ta nan ai. Akwai."

Suka fita, suka ja ƙofar gidan, suka ɗaura sarƙa ta waje, mai fenti ya yi rubutunsa. Mu baƙi muna ciki, an rufe mu don kare haƙƙin jama'a. Na kira ɗan ƙanena, ya zo da abokansa, suka tsaya ta ramin ƙofa suna miƙo mana ƙosai da kunu. Ina jin ɗayansu yana tambayarsa a hankali, "Dama Baffanka otal gare shi?"

Sai bayan azahar mai gidan ya iso, wani Alhaji mai fara'a da babbar riga. Ya shiga motar jami'an, aka ɗaga gilashi, aka yi shawara. Abin da aka tattauna Allah ne masani. Sarƙa dai ta sauka, an kawo sabuwar takarda, yaron da ya tsallake katanga ya bayyana da guduma da ƙusa yana neman gurbi a bango. Gurara kuwa sai dai in ci gaba da nuna wa yara a taswira.

Na ɗauko jakata zan fita, yaron ya tare ni da biro sabo fil.

"Oga, sha biyu ta wuce. Ka shiga kwana na biyu."

Kafin in buɗe baki Alhajin ya daka masa tsawa, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce an ba shi labarin yadda na tsare su da Kotun Ƙoli, shekara da shekaru yana neman mai irin wannan baki.

"Malam, ka yi tunani. Albashin ba yawa, gaskiya. Amma akwai ɗaki kyauta."

Na tambaye shi wanne.

"Wanda ka kwana. Ai ka riga ka saba da shi."