Zazzaɓin da ke Gudun Bakanike

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 1996, kuma ciwonta ba ya tashi sai a bainar jama'a. In na hau hanyar Zariya, har Kwanar Dangora allurar zafi ba ta gusawa daga tsakiya. Amma in na faɗa cunkoson Kantin Kwari ko na Bata da azahar, sai ta fara hawa sannu a hankali har ta doshi ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Ba kullum ba kuma. Wani makon lafiya lau, wani makon ta tsugunar da ni a tsakiyar titi, 'yan adaidaita sahu na wucewa suna tambaya ko shayin ya tafasa.

A gareji kuwa ko tari ba ta yi. Sai a bar ta a kunne, mu kewaye ta muna jira, ita kuma tana ta kiɗinta, har bakanike ya fara yi mini kallon mai ƙage.

Na farko ya ce lagireto ne ya toshe, aka sauke shi aka wanke. Na biyu ya kwance wani ɗan ƙarfe mai sifirin ya cilla mini a but, ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi." Tamostat ke nan, ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji sai ya kai wajen digiri 87 sannan ta sake shi ya tafi lagireto. Cire shi bai hana komai ba, illa dai da safiyar hunturu inji ya daina ɗumama da wuri, ya ƙara shan mai. Na uku ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci: gasket ta ƙone, sai an sauke kan inji. Ita kuwa gasket in ta ƙone ba ta ɓuya: farin hayaƙi a salansa, kumfa a tankin ruwa, baƙin mai ya koma ruwan madara. Tawa ba ta da ko ɗaya. Zan so in ce basira ce ta hana ni yarda, amma wata ne ya yi nisa.

Daga nan na zama bakaniken kaina. Na je Ƙofar Ruwa na sayo sabon murfi, don na ji cewa matsin da murfi ke riƙewa shi ke sa ruwa ya haura digiri 100 bai tafasa ba. Gaskiya ne, sai dai tsohon murfin ma lafiyarsa ƙalau. But ɗina ya cika da jarkoki. Masu ruwan leda na Bata suka san ni, da sun hango ni sai su taso.

Sannan wani maƙwabci ya koya mini dabara: in allura ta hau, ka kunna hita har ƙarshe, za ta janye zafin inji zuwa cikin mota. Dabarar tana aiki, na shaida. Na gwada ta ne a watan Afrilu, rana ta take tsaka, ina ɗauke da surukina za mu ɗaurin aure. Ya sha babbar riga mai sitaci da rawani. Iska mai ƙuna ta fara dukan ƙafafunsa, gumi na gangarowa ta ƙasan rawanin yana ɗiga a gemu, carbi na zamewa a hannunsa. Kunya ta hana ni bayani, kawaici ya hana shi tambaya. Can dai ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ashe haka na'urar sanyin taku take?" Na ce, "E, Baba, sai ta ɗan jima take kamawa."

Wanda ya warware zancen wani yaron rewaya ne da ko gemu bai fara ba. Bai taɓa sifana ba, tambaya kawai ya yi: a gudu take yi ko a tsaye? Na ce a tsaye. Ya ce to ai a gudu iskar hanya ce ke fifita lagireto, a cunkoso kuwa ba mai yin wannan aiki sai fanka. Fankar ta lantarki ce, akwai makunni a jikin lagireto da ke tashinta in ruwa ya yi zafi. Ya zura hannu ya zaro soket ɗin makunnin: ya yi kore shar da tsatsa, bakinsa ya saki. Da inji ya ɗau zafi ya mayar da shi ya ɗan taɓa wayar, fanka ta tashi. Ya saki, ta mutu. Wato rami ɗaya ya raba ta, wani ya haɗa ta, kuma hanyar garejinmu ramuka ne zalla, shi ya sa kullum take isa can da lafiyarta.

Ya kankare tsatsar, ya matse bakin soket, ya ce in mayar da tamostat ɗina, in kuma daina ɗura wa inji ruwan rijiya, in nemi ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa. Abin da ya caje ni bai kai kuɗin murfin ba.

Tun daga ranar allura ba ta sake wuce tsakiya ba, ko a Kwari ranar jajibirin Sallah. Na aika wa Baba albishir, na ce in akwai unguwa ya yi magana in zo in kai shi. Ya aiko da godiya mai yawa, ya ce kada in wahalar da kaina, ya riga ya yi magana da wani mai adaidaita sahu.